Minti Goma Sha Biyu

Minti goma sha biyu aka yanka wa kowane mai ciwo
a ɗan asibitinmu na Quemchi, a tsibirin Chiloé,
inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo.
Huɗu na gaisuwa da awon jini,
takwas na kwamfuta ne, uwar tambaya,
cikin da ba ya ƙoshi.

Shekara uku ina duba Eleuterio Barría.
Na haddace hawan jininsa kamar lambar wayata,
na san sukarinsa, na san gajiyar ƙodarsa,
amma da za a tsare ni a ce, mene ne launin idonsa,
da sai dai in sosa ƙeya.

Ran Talata ya iso a kwalekwalen jikansa,
rigar ulu na ɗiga, yana ƙanshin gishiri da hayaƙin itace.
Ya ce, "Likita, ƙasa ce ke juya mini.
Ni da na yi shekara hamsin bisa igiyar ruwa ban san jiri ba,
yau a tsakar ɗakina nake kifewa."

Ban ɗago ba. Yatsuna suka kama aiki:
jiri, faɗuwa, a tura shi ga ƙwararre a Puerto Montt.
Layin can wata goma sha ɗaya ne.
Jikan ya miƙo waya, hannunsa na rawa,
wai ya bincika da dare, ƙari ne a ƙwaƙwalwa.

Sai iska ta ja tsaki daga teku,
ta ɗauke wuta.
Allon ya yi baƙi, ya bar ni da fuskar wata mata
mai kama da ni, ta gaji.

Na juya kujera. Har ƙara ta yi,
don ta manta wannan ɓangaren.

Ashe idonsa ruwan toka ne,
irin na teku kafin hadari.
Ashe ya rame. Ashe maɓallin rigarsa
ya shiga ramin da ba nasa ba.

Na ce, "Nuna mini abin da kake sha."
Ya zaro gwangwanin biskit, ya zazzage a tebur.
Kala goma sha ɗaya.
Na likitan zuciya, na likitan ƙashi, na barci,
na maganin illar da na barcin ya jawo.
Kowa ya zo ya ɗora nasa jifan,
ba wanda ya tsaya ya sauke ko ɗaya.
Biyu daga ciki abu guda ne, suna kawai ya bambanta,
kuma ɗayan, da hannuna na rubuta.

"Wa ke ware maka su?"
Ya daɗe yana kallon tagar.
"Herminia ce. A ɓawon kawa take jera su,
na safe a dama, na dare kusa da fitila.
Tun watan Yuli da muka kai ta makwanci,
sai in dumbuza kawai, in kora da shayi."

Watan Yuli.
Sau biyu ya zauna a nan bayan haka.
Fom ɗina yana da gurbin taba, da gurbin giya,
ba shi da gurbin wadda ta rasu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
ni kuwa ina ta auna rufin daga nesa.

Na ture biyar gefe. Shida na koya wa jikan,
da fensir, a bayan takardar awo.
Minti arba'in muka ci.
A waje mutane na tari, suna duban agogo,
su ma da gaskiyarsu.

Ko jirin zai tafi? Ban sani ba tukuna.
Na bar sunansa a layin Puerto Montt.

Da wuta ta dawo, allon ya buɗe ido,
ya ce in faɗi dalilin jinkiri,
cikin zaɓi huɗu.
Na duba su ɗaya bayan ɗaya.
Babu "na kalle shi" a ciki.