Matakala Ɗari da Arba'in da Ɗaya

A asibitin Valparaíso, da aka cire mini ƙarin ruwa,
nas Ninfa ta yago gefen takardar magani,
ta rubuta adireshi biyu da jan biro.
Ta ce, "Eleodoro, hantarka ta gaji da gargaɗi.
Je ka inda ire-irenka suke zama, Talata da Juma'a."
Na cusa ta aljihu ɗaya da kuɗin kwalba.

Kwana tara tana cikin wando,
ta sha gumi, ta sha ƙarnin kifin bakin teku,
har jan rubutun ya fara kwaranya.

A adireshin farko shagon gyaran takalmi na tarar.
Mai shagon, da ƙusa uku a leɓe, ya ce,
"Sun tashi tun da girgizar ƙasa ta tsaga bango."
Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.
Na ce ai na nema, ƙafata shaida ce,
na gangara na sha har na manta sunan titi.

Na biyun yana can bisa tudu,
inda gidajen kwano suka maƙale wa dutse
kamar kaska a kunnen kare.
Motar igiyar da ke hawa ta lalace, an rataya mata kwali.
Sai matakala. Na dinga ƙirgawa
don kada in saurari maƙogwarona.

Talatin: wani kare mai ido ɗaya ya biyo ni.
Hamsin da bakwai: ƙofar mashayar da ake bi na bashi.
Warin giya ya leƙo,
ya kira ni da sunan da uwata kaɗai ke kira na.
Na tsaya. Ban san minti nawa ba. Karen ya zauna.
Can ƙasa jirage na sauke kaya ba da ni ba,
ni da na shekara ashirin da biyu ina ɗaure musu igiya.
Tamanin: Maite, 'yata, ranar da ta canja makulli.
Ba ta yi faɗa ba.
Takalmana ta jera mini a waje, a goge.
Ɗari da arba'in da ɗaya.

Babu allo. Ƙofa ce mai shuɗin fenti
a gefen gidan 'yan kwana-kwana.
Sau biyu na wuce ta kamar mai cigiyar wani gida,
sai aka buɗe daga ciki.

Baldomero!
Shi da ya shekara goma yana cika mini kofi a bakin tasha,
yana kurɓar nasa a ƙarƙashin kanta,
ga shi riƙe da butar shayi.
Bai yi mamaki ba. Ya ce, "Sunkuya, ƙofar gajera ce."

Kujera tara, babu biyu masu kama da juna.
Hortensia, tsohuwar malamar lissafi,
tana ba da labarin kwalbar da ta ɓoye a tukunyar fure
har furen ya mutu ya tona ta.
Aka yi dariya irin ta waɗanda suka san ciwon.
Wani yaro, Nahuel, yana ta kaɗa ƙafa, kwanansa uku.
Da layi ya zo kaina, sunana kawai na iya faɗa,
sauran ya tsaya a wuya kamar ƙayar kifi.
Suka ce, "Ya isa na yau."

Baldomero ya miƙo mini shayi rabin kofi.
Na ɗauka rowa ce,
sai da na ga hannuna yana rawa
kuma ko ɗigo bai zube ba.

Da za mu sauka, Hortensia ta kama mini gwiwar hannu,
wai idonta ba ya gani da dare.
A hamsin da bakwai ta koma ɓangaren ƙofar,
ta ɗaga murya tana zagin farashin albasa
har muka kai arba'in.

Ban yi wa kowa alkawari ba.
Yau Laraba. Takardar Ninfa ta ruɓe, na yar.
Na riga na san adadin matakalar,
karen ma ya san ni.