Yatsan Kakata a Kasuwar Jagalchi

A Busan, bakin teku, tun gari bai waye ba,
kakata Boksun na tsaye cikin takalmin roba,
ruwan ƙanƙara na bin ƙasan teburinta,
wuƙa a dama, kifi a hagu, tana feɗewa.

Shekara arba'in da ɗaya gishiri na cin yatsunta.
Zanen babban yatsa ya goge sarai,
har na'urar banki ta daina gane ta.
Takan ce teku ta ara, kuma teku ba ta san mayarwa.

Tsohuwar wayarta maɓalli uku ne a gindi:
na baya, na gida, da na tara abin da aka buɗe.
Ta san su kamar ƙofofin gidanta cikin duhu.
In ta latsa, abu ya tafi, ta kuma ji tafiyarsa.
Ran da wayar ta faɗa bahon ƙaguwa
aka tsamo ta a mace, ba farfaɗowa.

Ni na sayo sabuwa da albashina na fari,
gilashi sumul, ba maɓalli ko na rantsuwa.
Na ce, "Kaka, yanzu an daina latsawa.
Ki ja yatsa daga ƙasa, ki ɗan dakata,
manhajoji su jeru kamar kifi a faranti,
wadda kika gama da ita ki shafe ta sama,
shi ke nan rufewa."

Ta goge hannu a gaban riga, ta gwada.
Wayar ta yi biris da jiƙaƙƙen yatsa.
Ta sake, bashin Pyo mai gidan miya ya buɗe.
Ta sake, sai ga kakana Deoksu
a kan jirginsa, ya dafe hular da iska ke son ƙwacewa.
Yatsa ya zame.
Hoton ya yi sama, ya fice ta goshin allo.
Ta yi tsit. Mai saye na ta tambayar farashi, ba amsawa.

"Ina kika kai shi, Seulbi?"
Na ce, "Yana nan, rufe shi kawai kika yi."
Ta ce, "Rufewa daban, wurgarwa daban.
Ƙofa tura ta ake yi har a ji ta ce ƙaras.
Wannan kuwa haka nake yi da kai da hanji
in watsa wa kuliyoyin bayan rumfa.
Mutumin da ruwa ya ɗauke sau ɗaya,
ba da hannuna ba za a ƙara jefawa."

Daren nan na tona cikin saitin wayar
na dawo mata da ukun nan nata.
Zane ne kurum, ba tudu, ba kwari,
amma da safe ta latsa na tsakiya sau biyu,
ta gyaɗa kai, ta koma ga yankawa.

Ni ban fasa nawa ba.
A jirgin ƙasa, hannu ɗaya a madafa,
babban yatsana na share duk abin da ya gifta:
saƙon ofis, tallan takalmi, taswira,
fuskar wani da na daina amsa kiransa,
fit, fit, sama, ba waiwayawa.
Da sauri kam, ban musa ba.
Sai dai wani lokaci na kan isa tashar Seomyeon
ban tuna ko ɗaya cikin abin da na sallama ba.

Jiya ta ba ni wayar in duba mata batir.
Komai a rufe, tsaf, kamar rumfarta da yamma,
sai manhaja ɗaya:
ta hasashen iska da tsayin igiyar ruwa.
Na ce, "Wannan ce ke shan caji, in rufe?"
Ta kama wuyan hannuna, tafinta sanyi, ƙarni, kaushi.
Shekara sha biyu ba ta da kowa a kan teku.
Ta ce, "Bar ta.
Wannan ba ta cikin na rufewa."