Rigar Gida

Shekara arba'in da ɗaya
gidan nan yana sanye da riga guda,
allunan katakon da Ambrose ya jera
ina ɗauke da cikin Darcy.
Yanzu gefen da ke kallon teku ya ruɓe.
Na danna yatsa, ya shige
kamar cikin burodin da ya kwana a ruwa.

A gaɓar Newfoundland iska ba ta sallama.
Da gishiri take zuwa, ta lashe fenti,
ta bar wa kowace ƙusa hawayen tsatsa.

Darcy ya bugo waya daga Alberta:
"Mama, ki sa na roba.
Ba fenti, ba ruɓa, ki huta."
Ya aiko kuɗi, ya aiko hoto.
Na yi tafiyar awa guda zuwa kanti,
yarinyar ta baje mini samfuri uku:
na roba, sakayau kamar murfin kwano,
na siminti mai zanen itace na ƙarya,
sai katakon sida, ga ƙamshi, ga tsada.
Na ƙwanƙwasa kowanne da zobena.
Ɗaya ne kawai ya amsa.

Na kawo su gida, na jingina a bango,
na ce su kwana da watan Maris mu gani.
Dare na uku iska ta ɗauke na roba,
sai a lambun Hedley aka tsinto shi.
Na san ba adalci ba ne, ba a kafe shi ba.
Amma haka na gaya wa Darcy.

Siminti ga teku, tunda ita ba ta da kunya.
Sida ga sauran ɓangarori ukun, ga idona.

Lemuel Snook ya zo da tsani da 'yarsa Marnie.
Kwana biyu suna ɓamɓarar tsofaffin alluna,
gidan yana kuka ƙusa bayan ƙusa.
A ƙarƙashi: jaridun da suka zama ruwan ƙasa,
gidan rina wanda babu kowa,
safar hannu ta hagu.
Sai Marnie ta kira ni, "Verna, zo ki ga."

Rubutun fensir ne a jikin katako, hannunsa,
lissafin da ya soke sau biyu,
a ƙasa kuma:
"V. ta ce ya karkace. Bai karkace ba."

Marnie ta ɗora ma'auninta a layin.
Ƙwayar iskar ta gudu gefe ta maƙale.
Inci ɗaya da rabi.
Na yi dariya har na zauna a kan bokiti,
daga nan abin ya daina zama dariya,
Lemuel ya juya yana ƙirga ƙusoshi
da ya riga ya ƙirga.

Suka naɗe gidan da farar takarda mai hana danshi,
suka kafa siraran sanduna tsaye
don bango ya samu wurin numfashi.
Zaren alli ya buga shuɗin layi.
Daga ƙasa ake farawa, in ji Lemuel,
na sama ya rufa wa na ƙasa baki da yatsa biyu,
kowa ya miƙa ruwan ga na ƙasa da shi
har ya kai ƙasa.
A mahaɗa a bar 'yar tazara:
katako yana kumbura, kar a matsa masa.

Sati uku, har da ranakun da hazo ya hana.
Ina dafa shayi, ina share ƙurar zarto daga taga.

Ran da za su rufe wancan wurin
na ce Marnie ta ara mini fensir ɗin kunnenta.
Na hau mataki biyu na tsani,
Lemuel yana riƙe da shi yana mita.
Ƙarƙashin rubutunsa na sa nawa:
"Inci ɗaya da rabi, Ambrose.
Amma ruwa bai taɓa shigo mana ba."

Marnie ta ɗaga allo, ta daidaita.
Ƙusa huɗu.