Sunan Kakata a Bakin Rumawa

Aji uku, Bajoga, ana dab da azahar,
fanka ta mutu tun bara, zufa na bin wuyan riga,
Musye Kwami, dogon nan mutumin Togo,
ya ɗau guntun alli, ya ba mu baya, ya rubuta.

Mardi, in ji shi. Muka amsa, mardi,
harshenmu na tuntuɓe a ƙofar maƙogwaro.
Sai ya ja layi ƙasa kamar mai tonon rogo:
ga martes na Sifaniya, ga martedi na Italiya,
'ya'yan ɗaki guda, uwarsu Latin,
ta rasu tuntuni, ta bar musu gādon kalma:
dies Martis, wato ranar Mars,
gunkin yaƙi, mai hular ƙarfe da mashi,
wanda Rumawan dā suka yi wa bauta.

Ya ce ku duba sama in dare ya raba,
akwai wani tauraro ja kamar garwashin maƙera,
shi ma da sunan suka ambata.

Barde ɗan Sarkin Fawa ya ɗaga hannu:
"Musye, mu fa, wa muka ba tamu?"
Ya kaɗe allin tafinsa yana dariya:
"Ku ƙirge kuka yi, ƙirgen Larabawa,
ɗaya, biyu, uku, shi ke nan.
Sai mutanen Fotugal, su ma sun kori gunkin,
rana ta uku kawai suke furta."

Aka tashi. Na bi ta bayan tasha da gudu,
labari na ƙuna a bakina kamar ɗanyen barkono.
Na tarar da Iya Talatu a gindin turmi,
tana matse tunkuza, mai na bin yatsunta.

"Iya, ashe sunanki yaƙi ne a Faransanci!"

Na jira dariya, ko zagin wasan jika.
Hannu ya tsaya. Kasko na ta ƙara shi kaɗai.
Can ta ce, ba ni take kallo ba,
"Wa ya kai wa Rumawan labari?"
Ta gyara itace, ta rage wuta.

"Kakanka Manu ran Talata ya hau jirgin nan.
Kakin ya yi masa yawa, ya naɗe hannun riga sau biyu.
Na ƙulle masa ƙuli-ƙuli a bakin ɗankwali,
ubanka na ciki, wata bakwai, yana shuri.
Ya leƙo ta taga ya ce kafin kaka.
Kaka nawa ke nan? Na bar lissafi,
gero dai bai fasa nuna ba, ban kuma manta."

Na ce, to ai Musye ya yi gaskiya.

Ta dungure min kai da hannu mai maiƙo.
"Takardar ran Asabar ta zo, ɗan nema.
Asabar ɗin gunkin wa ce?
Ran Talata aka yanke min cibi,
ran Talata na sayi akuyata ta fari.
Rana ba ta da kafaɗar saɓa bindiga,
'yan Adam ke ɗora mata."

Yau Musye ya koma garinsu, ko yana raye, oho.
Tumaki ke kwana a kan dogo,
ciyawa ta cinye layin da ya tafi da Manu.
Iya ma ta bi shi, ran wata Alhamis,
ranar da ban tambayi kowa asalin sunanta.

Amma in NEPA ta ɗauke, na fito tsakar gida,
na hango jan nan can saman Ashaka,
ba na ganin hula, ba na ganin mashi.
Yatsu nake lanƙwasawa kamar ɗan aji ɗaya:
Lahadi,
Litinin,
sai in ji ƙamshin tunkuza kafin in kai
Talata.