Ɗaya ga Watan Ɗaya

A takardar hukuma an haifi Iya Hansai
ɗaya ga watan ɗaya.
Haka Baba Ɗalha, haka mai shayin bakin tasha.
Rabin tsofaffin Maiwurno rana guda suka faɗo duniya,
in ka yarda da magatakarda.
Ya dubi haƙora, ya dubi furfura,
ya yanka mata shekaru kamar mai yankan yadi.

Ni kuwa ina Wad Madani, aji uku.
Fanka na juyi, ba ta kawo iska.
Dakta Ikhlas ta rubuta a allo:
wa ke tara bayanan mutane,
wa ke ajiye su, wa ke da iznin buɗewa,
yaushe kuma ya kamata a ƙone?
Na kwafe da jan biro,
ban san gidanmu take nufi ba.

Da hutu na bi motar Sinnar, na tarar
Baba ya yi sawu bakwai zuwa ofishin filaye
don ya ga layi ɗaya tak,
iyakar gonarsa ta bakin kogi.
Aka ce fayil na nan, amma ba na gani ba ne.
Aka ce shugaba ya fita.
Aka ce na'ura ta ɗauke, dawo Lahadi.
Gonar tasa, sunan da ke takardar nasa,
idonsa ne kawai ba a amince da shi ba.

A makon nan Gwaggo Tasalla ta je asibiti,
aka ɗebi jini, aka shigar a kwamfuta.
Kafin ta sauka daga keken jaki
sakamako ya riga ta isowa,
yana yawo cikin wayoyi a layin famfo.
Wannan ba wanda ya yi masa sawu bakwai.
Abin rufewa na tsakiyar kasuwa,
abin buɗewa na bayan kwaɗo.

Da dare na baje littattafai a tabarma,
dokar wannan ƙasa, dokar waccan,
sashe, ƙaramin sashe, sharaɗi.
Iya na soya gahawa a kasko, tana daka citta.
Ta ce, me suke koya miki har kika rame?
Na ce, yadda ake riƙe maganar mutane.
Ta yi dariya har tari ya kama ta.

Shekara arba'in tana yanke cibi a unguwa.
Ta san wanda ya zo a wata bakwai,
ta san wadda ta yi ɓari ta ce zazzaɓi ne.
Ko bango bai taɓa ji daga bakinta ba.
Amma ranar da aka so cinye gadon ɗan Sambo,
aka ce wai bayan saki aka haife shi,
ta ɗauki sanda ta tafi gaban alƙali:
ni na karɓe shi, daren da kogi ya shigo gari,
ubansa na ƙofa yana riƙe da fitila.

Ta zuba mini gahawa, ta ce,
ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Ta hura nata kofin.
Amma wanda ya haɗiye haƙƙin wani
ya ce sirri ne, ƙarya yake.

Ranar jarrabawa na kawo sassan doka a jere,
don maki ba ya zuwa da labarin kaka.
A gefen shafi na ƙarshe, da fensir, na sa:
Hansai, shekarar fara, lokacin yankan dawa,
daren Alhamis, in ji mahaifiyarta.

Sai da na tambaye ta tukun.
Ta yi shiru, ta juya garwashi,
ta ce, rubuta wannan.
Sauran ki bar mini.