Ladingo a Kan Tudu

A Sawakin, bayan rusassun gidajen murjani,
akwai filin da muke kwantar da jirage.
Shekara talatin Ammu Ohaj na riƙe da shi,
ba littafi, ba alƙalami.
Kowane jirgi ya san shi da warin kwaltarsa.
Ka miƙa masa ƙullin gahawa da kifi biyu,
ya ce: je ka, Allah na nan, ni ma ina nan.

Ran da ƙafar gyatumata ta kumbura
na ja Ladingo kan gungume huɗu,
na lulluɓe ta da tsohuwar tabarma,
na ce wata biyu zan yi a Kasala.
Ohaj ya ce zai riƙa shayar da ita ruwan teku,
safe da yamma, da gwangwanin manja,
don katako ma yana jin ƙishirwa.

Wata bakwai na yi.
Na dawo ni kaɗai.

A bakin filin na tarar da waya mai ƙaya,
da ƙofa, da kwado, da mai gadi.
Ohaj? Ai an kai shi tun kafin azumi.
Yanzu Ustaz Mu'utasim ne, daga Bur Sudan,
mai farar riga da biro uku a aljihu.
Na ce na zo wurin Ladingo.
Ya ce a nan ba suna, sai lamba.
Ya lashi yatsa, ya buɗe shafi:
arba'in da bakwai.

Can ƙarshen katanga na same ta,
inda tarakta ta jefar da ita a gicciye
don a sama wa jiragen roba wuri.
Ba tabarma. Gungume ɗaya ya rage.
Rana ta buɗe haƙarƙarinta
har na sa ido a tsaga na hango teku.
Akuyar mai gadi ta haihu a cikinta,
'ya'ya biyu, suna kwance kan tarun babana.

Injin fa?
An ba mai saba'in da huɗu.
Kuskuren ido ne, in ji Ustaz,
shi kuwa mutumin ya yi kudu, wajen Aƙiƙ.
Sai ya yago mini takarda:
kuɗin ƙasa, kuɗin gadi,
kuɗin tarakta,
da kuɗin inuwa.
Na ɗaga kai ina neman inuwar.

Kakana da ƙafa ya taso daga Haɗeja,
guzuri ya ƙare masa a wannan gaɓa,
ya sassaƙa jirgi yana jiran na Jidda.
Bai haye ba.
Sunan matarsa ne a goshin wannan katako,
da shuɗin fenti, rabi ya ɓare.

Kafin in haɗa kuɗin, an sallami Ustaz.
Ya tafi da littafinsa a hammata.
Aka kawo Hammad, ɗan ƙanwar mai kamfani,
yaro mai fara'a, komai nasa a waya.
Ya shafa, ya shafa, ya ce babu ita.
Na ce ga ta can, akuya na kanta.
Ya ce ya gani, Baba,
amma babu ita.

To, abin da babu shi ba ya biyan haya.

Kullum da asuba nake shiga ta ɓarakar katanga
da auduga, da kurfi, da man kifi,
ina cusa wa tsaga ɗaya bayan ɗaya.
Jikan Ohaj, wanda bai kai goma ba,
ya tono gwangwanin nan daga cikin yashi,
yana kai da komo tsakaninta da ruwa.
Jiya katako uku sun haɗe baki.

An ce ran Asabar wani sabon manaja zai zo.
Sauran tsaga goma sha ɗaya.