Ratar Yatsa Ɗaya

A tsaunukan Wales, inda ruwa ba ya gajiya da sauka,
ƙyauren garken Emrys ya sunkuya,
yana jan ƙasa kamar tsohon da ƙugu ya ci amanarsa.
Tumaki sun riga shi ganewa.

Nerys ta kawo sabon hinji daga gari,
tef a hannu, fensir a kunne.
"Tsawonsa ya kai sulusin faɗin ƙyaure," in ji ta,
"in ya gaza, gobe ma faɗuwa."

Uban ya zura yatsa tsakanin dirka da katako,
yatsan nan da guduma ta lanƙwasa tun yana saurayi.
"Bar wannan rata.
Itace na shan ruwa, ya kumbura.
Abin da ya matse da rani, da hunturu zai ƙi ki."

Ta auna yatsan: milimita sha tara.
Ta rubuta a jikin dirka,
saboda wata rana.

Ƙyaure ya juya, tsit.
Dattijo ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa,
yana neman kukan tsatsar nan
da marigayiya Eirlys kan ji daga kicin
ta ɗora ruwan shayi.